Igiyar da Ba Ta Koma Rijiya Ba

Tun da muka dawo ban huta ba. Wadda ta zo sayen manja sai ta tsaya, wadda ta zo awon shinkafa sai ta ja benci ta zauna. "Maman Hafsat, wai ina kuka shige kwana uku?" "Wai me ya sami hannun Hafsat?" Jiya har wata ta ce ta ji an ce masu garkuwa da mutane ne suka ɗaure ta. Kai, mutanen Kubwa! To ga shi zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wadda ta sake tambayata in miƙa mata ta karanta.

Takarda ce ta fitar da mu. Hafsat, 'yata ta fari, ta samu makarantar koyon aikin jinya bayan ta zana jarrabawar sau biyu. Cikin abin da aka ce ta kawo akwai shaidar asali, wadda ake ce wa indijin, kuma ranar Juma'a ƙarfe huɗu za a rufe karɓa. Wanda bai kai ba, a ba wani gurbinsa.

Babanta, Allah ya jiƙansa, shekararsa huɗu da rasuwa, kuma shi kaɗai ne wurin ubansa, marigayi Malam Audu. Mu dai mun san Malam Audu Bakatsine ne. Haka ya ce, wa zai tsare suruki da tambaya? Na tura ƙanena garin da yake ambata, dagaci ya tara dattawa, ba wanda ya taɓa jin sunansa. Na ce to a ba ta ta wajena, Zariya, aka ce yarinya garin ubanta take bi. Nan Abuja da aka haife ta kuma aka ce mu baƙi ne. Wani ya ce zai haɗa mana ta bayan fage, Hafsat ta ƙi ƙememe, don ɗan maƙwabtanmu a shekararsa ta ƙarshe aka gano tasa ta jabu ce aka kore shi.

Ranar Litinin da la'asar na rasa inda zan sa kaina, na tafi wurin Baba Ilu wanzami, tsohon abokin surukina, wanda ido ya tafi sai kunne. Na durƙusa na faɗa masa komai. Ya daɗe yana jan carbi.

"'Yar nan, amana ce," in ji shi. "Amma mai amanar ya tafi, ga jikarsa cikin wani hali. Ranar da na fara ganin Audu ba Audu ake ce masa ba, Ɗanladi ne. Hausarsa ma a karkace take a lokacin. Ta wajen Jiwa ya ɓullo, ƙafa duk faso, ba shi da komai sai ƙarfen nan da kuke ajiya."

Ƙarfen da yake nufi dagi ne, irin na haƙa rami, ƙotarsa ta yi baƙi ta yi sulɓi, da tsaga uku a wuyansa. Ƙarƙashin gado Malam Audu yake ajiye shi, yana shafa masa mai, bai taɓa haƙa ko ramin gyaɗa da shi ba. Mutumin da ma yana da abubuwansa. Shekarar da mai gidan hayarmu ya sa aka haƙa rijiya a tsakar gida, zauren masallaci ya koma da kwana har sai da aka yi mata murfi. Duk Juma'a sai ya kira 'yan garuwa su cika randunan masallaci, ya ce sadaka ce ga wani yaro. Baban Hafsat kuwa ranar Talata aka haife shi, amma sunan da ubansa yake kiransa da shi Ɗanjuma ne, abokansa suna ta tsokanarsa da shi har ya girma. Mu duk mun ɗauka rigimar tsufa ce.

Talata da sassafe na naɗe dagin cikin tsohon zane, na zura a buhu, muka hau keke zuwa Dei-Dei, daga nan muka shiga wata ta Jiwa.

A Jiwa na fara da wauta. Na tambayi gidan Ɗanladi, wani mai kirki ya ja mu har bakin titi ya nuna mana wani mai facin taya, ɗan shekara talatin, yana dariya da mu. Na ce, "Bawan Allah, wanda nake nema ya haifi ubanka." Sai da wata mai sayar da doya ta hango bakin ƙarfen ya huda buhu, ta ce ai gidan masu rijiya za mu je.

Mai gidan, Malam Haruna, dattijo ne siriri mai sanyin magana. Muka gaisa, na kwance zanen. Yana ganin tsaga ukun nan ya ajiye butar da ke hannunsa.

"Hajiya, ina kika samo wannan?"

Na faɗa masa. Ya dubi Hafsat ya daɗe, sannan ya fara lissafo mana mutanen da ba mu taɓa jin sunansu ba. Kakansu Tanko tare da fatake ya gangaro daga arewa, ba wanda ya riƙe sunan garinsu. Su suna wucewa da jakuna, shi yana haƙa musu rijiya a zango. A nan ya haƙa wadda ta tsayar da shi, 'yan gari suka ba shi fili, suka ba shi mata. Ya haifi maza biyu. Musa ya zauna, shi ne uban Malam Haruna. Bawa ya saɓa dagi ya yi kudu, ya sare daji a bayan Yangoji lokacin da ba kowa sai namun dawa, ya haƙa rijiya, mutane suka taru a kanta. Wurin shi ne Tungan Dagi. Bawa kuma ya haifi Ɗanladi da ƙanensa.

Hafsat tana ta rubutawa a bayan fom ɗinta. Ni kuwa na ce alhamdulillahi, to Malam sai ka raka mu wurin mai gari.

Ya girgiza kai. "Ba ni zan shaide ku ba. Gidan Bawa ne zai ce ku nasa ne, kuma ƙanen yana nan da rai. Ina ɗan yaro Ɗanladi ya zo gidan nan, ya kwana ɗaya bai ci ko loma ba, gari ya waye ba shi. An yi wani abu a can, ba a bakina za ki ji ba. Amma ki riƙe wannan. In kun isa, kada ki ambaci sunansa, kada ki kwance zanen nan, sai kun sha ruwan gidan. Baƙon da ya sha ruwan rijiyarsu ba sa korarsa."

Na ce to. Ku da kuka san ni kun san yadda "to" ɗina take.

Daga Jiwa muka wuce Zuba, muka shiga bas ta Kwali, mu huɗu a kujerar mutum uku, ga zafin ƙarshen rani, ga wata mata da kaji biyu a ƙafata. Mun wuce Gwagwalada kaɗan aka tsayar da mu a shinge. Wani matashi mai kaki ya leƙo, ya taɓa buhuna ya ji ƙarfe.

"Madam, sauka. Menene wannan?"

"Gadon marayu ne, oga."

"Gado? Wannan makami ne. Ina za ka kai shi?"

Direba ya fara ƙunƙuni, fasinja suka fara cewa a sauke mu a tafi. Raina ya ɓaci, na ce wa yaron ya dube ni da kyau, da hijabina da ciwon gwiwata, ya ga na yi kama da mai kai wa 'yan daji kaya? Hafsat tana jan hannuna tana "Mama, don Allah." Allah ya taimake mu babbansu ya taso daga ƙarƙashin bishiya, ya juya dagin ya yi dariya, ya ce kakansa da irinsa yake haƙar doya. Sai ya tambayi inda za mu. Da na ce bayan Yangoji, dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Kada magariba ta same ku a hanyar nan."

A Yangoji 'yan acaɓa uku suka ƙi mu. Na huɗun ya yarda, da sharaɗin ba zai jira ba. Muka hau mu biyu, dagi a tsakiya yana sukar cinyata. Hanyar ƙafa ce tsakanin gonakin doya, ba gida ba mutum, sai can ka hango mata da itace. Abin da ya ba ni mamaki, a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba. Na ce wa Hafsat mu da muke ɗora wa kanmu tulu tun muna 'yan shekara bakwai, ashe akwai inda kai yake hutawa. Ba ta yi dariya ba. A bakin tungar an gitta gungume, 'yan banga biyu da bindigar toka suka tambayi wurin wa muka zo. Na ce gidan Bawa. Nan kam na riƙe bakina.

Gida ne babba, ɗakunan jar ƙasa da rumbuna, wani ɗakin da kuros a ƙofa, na kusa da shi da buta da tabarmar salla. Wata mata kakkaura mai fara'a ta tarbe mu, Saratu, matar babban ɗan gidan. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa a ƙwarya. Hafsat ta karɓa ta sha sosai. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na hango wata tukunya a gefe tana kumfa, zuciyata ta ce wa ya san abin da aka sha da ƙwaryar nan. Na kai ta baki na sauke, ban haɗiyi ko ɗigo ba.

Aka fito da tsohon. Ɗansa Bitrus ne ya riƙo shi, mutum mai kamar shekara hamsin. Tsohon ƙafarsa ta hagu a shanye take, a murɗe daga gwiwa. Da ya ɗago kai sai na ga goshin surukina ne sak. Bitrus ya ce, "Ga Baba Ɗanjuma."

Sunan da surukina yake kiran ɗansa ke nan.

Tsohon ya shiga tambaya a hankali, da irin Hausarsu da mace da namiji duk "kai" ne. Daga ina? Wa ya aiko? Gwamnati ne? Masu sayen fili ne? Na ce a'a, ya sake dawowa kan fili. Rana tana sunkuyawa, Juma'a tana matsowa, ga tsoho yana juya ni. Haƙurina ya ƙare. Na fizge zanen na ajiye dagin a gabansa, na ce, "Baba, ba fili muka zo nema ba. Wannan jikar Ɗanladi ce."

Wata tsohuwa da ke surfe ta saki taɓarya. Baba Ɗanjuma bai taɓa dagin ba, kallonsa kawai yake, leɓensa na motsi.

"Bitrus," in ji shi. "Fitar da su."

Magariba ta kusa, ɗan acaɓa ya tafi tuni. Na dubi ƙofa na tuna hanyar nan. Sai Saratu ta durƙusa ta ce, "Baba, yarinyar ta sha ruwa."

"Uwan bai sha ba. Na gani."

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ashe yana kallona. Saratu ta turo mini ƙwaryar da ƙafa. Na ɗauka da hannu biyu na shanye tas, har yana zuba a hijabina. Tsohon ya ce a mai da shi ɗaki.

A ɗakin Saratu muka sauka. Ta yi mana sakwara da miyar kuɓewa busasshiya, ta ce in ci hankali kwance, rabin gidan nan masu salla ne, kuma kazar da ke cikin miyar, ƙanen mijinta Isa ne ya yanka ta. Tukunyar da ta tsorata ni kuwa ƙullun kunu ne. Ta nuna mana gabas tun ban tambaya ba.

Laraba da hantsi tsohon ya aiko a kira mu gindin mangwaro. Ya ɗage wandonsa ya nuna mana ƙafar.

"Kun ga wannan? Gidanmu akwai doka tun Tanko. Mutum biyu ke aikin rijiya, ɗaya a ciki, ɗaya a kan igiya. In an gama, dagi ke fara fita. Na sama ya kwance, ya mayar da igiya, na ciki ya ɗaura a ƙugu ya hau. Ina shekara sha bakwai muna haƙa sabon rijiya a bakin gona, ni da wancan."

Bai faɗi sunan ba. Tun da muka zo bai faɗa ba.

"Na ɗaura dagi, ya ja. Dagi na fita, bango ya zubo, ya rufe ni har ƙirji. Na ji ya kira ni sau biyu. Bakina cike da ƙasa, ban iya amsa ba. Da ƙura ya kwanta na ɗaga kai, ina ganin sama kamar faifai. Na ce yanzu igiya zai sauko. Tun hantsi nake cewa yanzu, har rana ya faɗi. Sai da mata suka zo wucewa suka ji nishi."

Hafsat tana kuka ba sauti. Ni na tattaro duk abin da nake da shi na zuba masa. Na ce Baba, ya ɗauka ka mutu ne. Na faɗa masa yadda ya guji rijiya har ya koma ga Allah, da ruwan da yake saya wa masallaci duk Juma'a. Har sunan da ya ba ɗansa na faɗa, ni da ban taɓa kiran sunan mijina da bakina ba.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Ruwa ya ba masallaci. Ni ina cikin ruwa ai. Igiya na nema."

Na koma roƙo, na ce yarinyar nan ba ta san komai ba, jibi za a rufe, sa hannu kawai muke so a gaban dagaci.

"Gobe za a yashe rijiyan," in ji shi. "Wannan ɗin dai. Bitrus zai shiga. Jikan wancan zai riƙe igiya. In an gama, mu ga abin da zan ce."

Na miƙe tsaye. Na ce yarinyar da ta tashi da famfo da 'yan garuwa, ko guga ba ta taɓa ja ba? Na ce wannan ba shaida ba ce, ramuwa ce. Na faɗi maganganu, wasu ba zan maimaita su a nan ba. Ina cikin yi Hafsat ta ce, "Zan riƙe, Kaka."

Bai amsa Kakan ba.

Wunin ranar ba wanda ya ci abincin kirki. Saratu mai fara'a ta daina fara'a. Da la'asar muna ɓarar gyaɗa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Maman Hafsat, ke takarda kike tsoro. Ni mijina ne zai shiga." Sai a lokacin na gane ba ni kaɗai aka ɗora wa abin ba. Bitrus kuwa ya ja Hafsat bakin rijiyar yana koya mata. Akwai gwafa kafe a gefe, ya nuna mata yadda ake naɗa igiya a jikinta sau ɗaya don ta rage nauyi, da yadda ake amsawa in ya girgiza. Ya ce maza za su tsaya bayanta su taya ta jan bokitin laka, amma hannun gaba nata ne. "Kada ki dubi kowa," in ji shi. "Ni kaɗai za ki saurara."

Alhamis da safe tungar gaba ɗaya ta fito kallon 'yar Kubwa. Aka kawo tsohon aka zaunar a kan turmi. Bitrus ya yi addu'arsa, Isa ya yi tasa, ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka yana taka ramukan da aka sassaƙa a bango, da dagin da muka kawo rataye a bayansa. Tsohon ne ya ce da shi za a yi.

Na leƙa sau ɗaya ban ƙara ba. Zurfinta ya fi gaba goma.

Bokiti ya rinƙa fita da baƙar laka, ɗaya bayan ɗaya. Rana ta take. Hafsat ta ɗaure hijabinta a ƙugu, gumi na ɗiga daga haɓarta, tana "Na ji!" duk sanda igiya ta motsa. Matan da suka zo dariya suka yi shiru. Wajen awa biyu ana haka, sannan murya ta taso daga ƙasa cewa an gama, ga dagi nan.

Nan ne kowa ya matso, don kowa ya san labarin, kowa yana so ya gani da idonsa. Isa yana "Ku ja baya, ku ja baya," ba mai ji. Dagin ya fito, Hafsat ta kama shi. A daidai lokacin gefen rijiyar, inda mutane suka fi taruwa, ya ɓalle. Na ji wani rugugi, duwatsu da busasshiyar ƙasa suka zuba ciki, ƙura ta turnuƙe. Mata suka kwasa da ihu. Mazan da ke bayanta suka saki igiya suka yi tsalle baya. Saratu ta ƙwalla ƙara ta zube.

Hafsat kaɗai ta rage a bakin ramin, dagi a hannu, ƙasa na tsagewa kusa da ƙafarta.

"Baffa!" ta kira. Shiru.

"Baffa Bitrus!" Shiru.

Yanzu zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba a shago. Ni, uwarta, da na sha zagin surukina a zuciyata tun jiya, na buɗe baki na ce, "Hafsat, taho! Ki bar wurin nan, taho!" Da ƙarfina na faɗa. Da ni ce a wurin da na gudu, ban da shakka.

Ba ta ko waiwayo ba. Ƙullin igiyar a wuyan dagin ya cije da laka, ta sa haƙori ta kwance shi, ta yar da dagin gefe. Ta kwanta rub da ciki, ta zura igiyar cikin ƙurar nan tana saki tana saki, tana "Ga ta nan, Baffa, ga ta nan." Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ga igiyar tana lilo ba kowa a jikinta, na ji tsohon yana wani irin numfashi a bayana.

Sai igiyar ta girgiza.

Ta miƙe ta naɗa a gwafa. Ashe matakan ƙasa sun zube, da Bitrus ya taka sai ya zame, nauyinsa duka ya dawo kan igiya. Na ga igiyar ta ruga cikin tafin hannunta, na ga ta dafe ƙafa a gindin gwafar ta kwanta baya tana ihu, ba ta saki ba. Sannan ne Isa ya farfaɗo ya kama, sauran mazan suka kama, ni ma ban san sanda na kama ba. Muka ja. Kan Bitrus ya ɓullo fari fat da ƙura, jini na bin girarsa, yana tari yana tofar da ƙasa. Saratu ta rarrafo ta riƙe ƙafarsa.

Hafsat ta zauna a ƙasa ta buɗe hannuwanta. Fatar tafin duk ta saluɓe. To ga amsarku, masu tambayar bandeji.

Tsohon ya ce a ɗaga shi. Bai nufi ɗansa ba. Ya ja ƙafarsa har inda igiyar take yashe, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki bakinta, wanda ya sauka, jiƙe da laka. Ya riƙe a ƙirjinsa. Mutum mai shekara kusan tamanin yana kuka kamar yaro, ba wanda ya iya dubansa.

"Shekara sittin," in ji shi. "Yau ya sauko."

Bayan azahar aka ɗora shi a mashin zuwa gidan dagaci, mu muna biye. Dagacin ya saurari jerin sunayen tun daga Tanko, magatakardansa yana rubutawa, don da wasiƙarsa za mu je sakatariya a Kwali washegari da safe. Mun je kuwa, mun samu, muka kai makaranta ƙarfe biyu da 'yan mintuna. Hafsat ba ta iya riƙe biro ba, da yatsa ta dangwala. Dagin mun baro shi can, a ɗakin tsohon.

Amma ni ba wannan ne ke dawo mini ba in na zauna shiru a shago. Da magatakarda ya zo layin ƙarshe, ya ɗaga kai ya ce, "Baba, yarinyar 'yar gidan wa za a sa?"

"Gidan Bawa."

"Ta wajen wa?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Saratu ta damƙe hannuna, ta raɗa mini cewa shekararta ashirin da bakwai a gidan nan ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba. Ya dubi hannuwan Hafsat da aka naɗe da tsumma.

"Ta wajen Ɗanladi," in ji shi. "Yayana. Rubuta."